Takalman da Na Aiko Miki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Asma'u, Innarmu ta Kazaure.

Amincin Allah ya tabbata a gare ki a makwancinki. Bayan gaisuwa ta girmamawa, irin wadda ɗa ke yi yana durƙushe, idonsa a ƙasa, ina roƙon Mai rahama ya sa wannan safiya ta same ki cikin ni'ima, kabarinki a yalwace, haskensa ba ya dushewa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarki. Kowace shekara, idan watan ya kewayo, nakan tsara miki baitoci in sa a shafina na intanet, jama'a su karanta su yi miki addu'a, ni kuma su yaba mini da iya jera kalma. Na kira ki inuwar bazara, na kira ki rijiyar da ba ta ƙafewa. Duk gaskiya ne, amma da wannan adon na yi ta lulluɓe wata magana guda da ban taɓa faɗa ba. Bana laifina na kawo miki, kuma na zaɓi in faɗe shi inda mutane za su ji, domin a gabansu na yi shekaru ina karɓar yabon ɗa na gari.

Ni ne ɗanki na fari, kuma har kika koma ga Allah bakinki bai taɓa furta sunana ba. Ina yaro, "kai wannan" nake. Da na samu gurbin karatu na taho Manchester, sai na zama "mutumin Ingila". Abin da na zo karantawa kuwa ba ki taɓa riƙe sunansa ba, kina dai ce wa maƙwabta aikin asibiti ne amma ba ya allura. Kiwon lafiyar al'umma ne, Inna. Kundin da na rubuta har ake ce mini Dokta, kacokan ɗinsa a kan tambaya ɗaya yake: me ya sa majinyata ba sa bin umarnin likita? Shekara huɗu ina neman amsar a cikin littattafai, alhali amsar tana zaune a ɗakinki kan tabarma, tana jan carbi.

A shekarata ta biyu a nan aka tabbatar ciwon suga ya ci jijiyoyin ƙafarki. Ƙanwata Rabi ce ta gaya mini a waya, wai kin yini da ƙaya a dunduniya ba ki sani ba, sai da ta ga jini a tabarma. Likita ya ce kada ki sake taka ƙasa ba takalmi, ko a ɗaki ko a tsakar gida. Na bi kantunan garin nan har na samo waɗanda aka yi domin masu wannan larura: ruwan toka, masu faɗin baki, cikinsu laushi kamar auduga, ba igiya sai maɗauri mai mannewa. Na ba wani ɗalibi mai komawa gida ya kai miki, na haɗa da takarda mai shafi biyu, na jera dokoki ɗaya zuwa goma. Rabi ta karanta miki. Ta ce kin juya takalman a hannu, kin ce: "Waɗannan ai na sojan da ya tsufa ne." Kika yi dariya, kika sa albarka, kika saka.

Kin saka su, Inna. Wannan shaida ce da ta kamata in bayar tun tuni. Sai dai ke mace ce mai zumunci, hanyarki kullum a ƙofar gidan wani take ƙarewa. Barka, suna, dubiya, gaisuwar mutuwa, babu ranar da ba ki da ƙofar da za ki shiga, kuma a kowace ƙofa sai kin tuɓe. Ko dattijo kika hango zaune a dakali, sai kin sunkuya kin cire, kin riƙe su a hannu, kin wuce shi a rusune, sannan ki mayar. Rabi ta ce takalman sun fi daɗewa a hannunki a kan ƙafarki.

Sai matar limamin unguwa ta rasu a tsakiyar bazara, kika tafi gaisuwa bayan azahar. Tsakar gidan siminti ne, rana ta dafa shi tun hantsi. Mata masu lafiyar ƙafa suna tsallake shi da sauri-sauri. Ke kuwa kika tuɓe a soro, kika taka a natse yadda kika saba, kika tsaya a tsakiya kina ba wa ƙanwar mamaciyar haƙuri tsawon lokaci. Ba ki ji komai ba. Washegari tafin ƙafarki ya ɗuri ruwa.

Kika ɓoye. Kika ƙunsa lalle, kika ce wa Rabi kwalliya ce ta taso miki da tsufa. Jan lallen ya rufe abin da ke ƙarƙashi kusan mako biyu, har sai da wari ya tona. Aka kai ki asibiti a Kano, aka yanke ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa.

Yanzu ga laifin. Kwana biyu bayan aikin, Rabi ta kara miki waya a kunne. Ina tsaye a bakin ɗakin karatu na jami'a, ana yayyafi. Sau ɗaya na ce miki sannu, a gurguje, kamar mai sauke nauyi. Daga nan na buɗe baki na yi lacca. Na tuna miki takarda mai dokoki goma. Na ce na aiko takalmi daga wata duniya kin mayar da shi abin riƙo. Na ce liman ba zai ba ki ƙafa ba. A ƙarshe na faɗi kalmomin da nake ɗauke da su har yau: "Inna, ke kika jawo wa kanki."

Sai kika ce: "Ka yi gaskiya, mutumin Ingila. Yaya takwarata?"

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe kina cikin hayyacinki. Na sa a raina zan zo da dogon hutu in gyara. Mako bakwai bayan nan ciwon ya shiga jini, kika rasu wata ranar Laraba, ni kuwa ban iso ba sai bayan addu'ar uku.

Kuma ban daddara ba. Bayan rasuwarki na tsara waƙar wayar da kai, ina karanta ta a tarukan 'yan gida a Manchester da Birmingham, ina kafa misali da "wata dattijuwa da na sani". Ga baitin da aka fi tafa mini:

Mai ciwon suga, saurari gaskiya,
Bin umarni shi ne tushen lafiya,
In ka bijire, kar ka zo da magiya,
Kai ka buɗe wa cuta ƙofa da hanya.

Ke ce dattijuwar. Na ɗauki ƙafarki da aka binne kafin ke, na mayar da ita allon koyarwa, aka tafa mini, na rusuna na yi godiya.

Shekara shida da suka wuce gadon ciwon suga ya zo ya same ni. Ƙishirwa, gajiya, yawan fita bayan gida. Na san alamomin kamar sunana, ni da nake koyar da su, amma na yi shekara guda ban je wurin GP, wato likitan unguwa, ba, domin Dokta ba ya zama a layin majinyata. Da na je, aka ce ciwon ya daɗe yana aiki a ɓoye.

Bari in gaya miki yadda nake rayuwa yanzu, domin ke kaɗai ce ba sai na yi wa dogon bayani ba. Idon dama yana gani kamar ta gilashin da aka shafa wa mai. Lokaci-lokaci nakan je a yi mini allura a cikin ƙwayar idon, ina kwance ina kallon allurar tana tahowa. Na daina tuƙi. Littattafan waƙoƙin da na tara, yanzu surukarki Bilkisu ce ke karanta mini, tana karya ma'auni ina gyara mata, tana cewa in karɓa in karanta da kaina in na isa. Ƙoda ma likita ya ce sun fara gajiya, an ƙayyade mini gishiri, an hana ni abubuwan da ban taɓa sanin ina so ba sai da aka hana. Ƙafafu kuwa suna raɗaɗi kamar an barbaɗa musu barkono, amma in aka soka musu tsinke ba zan ji ba. Na tuna kina murza ƙafarki da man shanu kina cewa: "Yau ƙafar nan ba tawa ba ce, aro aka ba ni." Na ɗauka salon maganar tsofaffi ne. Ashe bayani ne wanda ya fi na kundina daidai.

Likitar ƙafa, wata Baturiya mai haƙuri, ta auna ni ta sa aka yi mini takalma. Da aka buɗe kwalin sai da na zauna. Ruwan toka, masu faɗin baki, maɗauri mai mannewa. Na sojan da ya tsufa. Ta ce kada in cire su ko'ina sai a kan gado. Na ce mata na sani, fannina ne.

Hunturun bara yayan Alhaji Sule ya rasu can gida, ƙasarmu. Alhaji Sule dattijo ne mutumin Ɗambatta, ya daɗe a Birmingham, shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na fara sauka ƙasar nan, na yi mako biyu a gidansa kafin in wuce Manchester. Ya yi zaman makoki a gidansa na Handsworth. Na hau jirgin ƙasa na tafi.

Gidajen unguwar a manne suke da juna, kowanne da siririn soro daga ƙofa zuwa matakala. Da aka buɗe mini, sai ga takalma jibge, na manya da na samari, har ba wurin taka ƙafa. Na tsaya. Wallahi, Inna, na tuna komai a wannan tsayuwar. Na tuna likitar ƙafa, na tuna kundina, na tuna ke. Babu mantuwa a ciki, babu jahilci. Sai Alhaji ya fito idonsa jajur, ya miƙo mini hannu biyu. Bayansa ga kafet ɗin da za a yi la'asar a kai. Ta yaya zan taka shi da takalmin da ya bi titi? Ta yaya zan tsayar da mutumin da ya rasa ɗan'uwa in fara ba shi labarin jijiyoyina, dattawa suna saurare? Ina cikin wannan tunani na ga hannuna ya riga ya sauka. Ƙarar maɗaurin ta cika soron.

An fitar da kujeru daga falo, kowa a ƙasa. Ɗakin ya cika, aka matsa mini wuri a jikin bango, ƙafata ta dama ta jingina da bututun ruwan zafi mai ɗumama ɗaki. Awa biyu muna addu'a, ana shiga ana fita, ana zagayawa da shayi. Ban ji komai ba.

Washegari da safe, a gidanmu na Withington, na zo cire safa na ji ta manne.

Ke lalle kika ƙunsa, ni safa na saka. Na ce wa Bilkisu sanyi ya yi yawa, zan riƙa shafa a kan safa in na yi alwala, har na kawo mata hujjojin malamai. Kwana tara ina wanke ciwon a ɓoye, ina shafa zuma, ina ce wa kaina gobe zan je asibiti. Abin da ya hana ni zuwa ba tsoron wuƙa ba ne. Tsoron tambaya ne, tsoron in ji an ce: kai da ka sani? A rana ta goma zazzaɓi ya kayar da ni a kicin, Bilkisu ta kira motar asibiti. Aka cire yatsu biyu da wani yanki na gefen ƙafar.

Takwararki, 'yata, wadda muke kira Ummi saboda sunanki da take ɗauke da shi, yanzu shekararta goma sha tara, tana karatun aikin jinya a Salford. Ta zo ta tsaya a ƙarshen gadon, ta ɗauki takardar da ke rataye tana karantawa. Ta tambayi kwana nawa na ɓoye. Na faɗa. Da Turancin Manchester ta yi maganar, irin wanda sai na kasa kunne nake kamawa, amma wannan karon ko harafi ɗaya bai kuɓuce mini ba. Cewa ta yi: Baba, kai ka jawo wa kanka.

Sai na ji wata murya ta fito daga bakina, ba tare da na shirya ta ba: "Kin yi gaskiya, Ummi. Yaya karatu?"

Da ta fita na juya fuska ga bango. Shekara goma ina gudun wannan waya, sai ga ta ta zo ta same ni a kwance, ni ne a ɗaya gefen layin.

'Yan dubiya sun zo, Allah ya saka musu. Kowa da abin da ya riƙo. Wani zogale, wani ganyen mangwaro, wani lambar wani mai magani da ya warkar da ƙanin matarsa. Waɗanda ba su kawo magani ba sun kawo tambayar da nake tsoro: "Dokta, kai da ka sani?" A masallacinmu na koma sallah a kan kujera a ƙarshen sahu, ana gaishe ni da irin muryar da ake gaishe da wanda ya faɗi jarrabawar da shi ya tsara. Ba mugunta suke nufi ba. Ni ma ba mugunta na nufa ba a waccan ranar, kuma wannan bai rage komai ba.

Fahimta ta zo mini daga inda ban nema ba. Kowace Talata ina zuwa wankin ciwo. Wata Talata, a ɗakin jira, na ji wani tsoho yana waya da Hausa, yana gargaɗin matarsa kada ta cika gishiri a gwate. Na yi masa sallama. Sunansa Baba Ishaya, mutumin Pankshin, Kirista, ya yi shekaru yana tuƙa bas a garin nan har ya yi ritaya. Ƙafarsa ta hagu ta roba ce, ta dama yake kawowa a duba. Ya kalli naɗin da ke ƙafata, ya kalli takalmin, ya kalli hulata. Bai tambayi sukarina nawa ba, bai tambayi me nake ci ba. Cewa ya yi: "Malam, ƙofar gidan wa ka tuɓe?"

Inna, ni da kalma ba ta taɓa ƙare mini ba, sai hawaye suka zubo mini. Na rufe fuska da hula a gaban Turawa.

Ya bari na gama, sannan ya ba ni nasa labarin. Ya je gida bikin Kirsimeti, ya shiga gaishe da surukinsa, tsoho mai shekara kusan casa'in. Ya tuɓe a ƙofa, ya taka ƙusa, ya kwana biyu da ita a tafin ƙafa. Ya ce: "Da za a mayar da ni ƙofar nan yau, ban san abin da zan yi ba. Likita na da gaskiya, ƙofar ma na da gaskiya, mu ne a tsakiya." Ya ƙirga yatsun ƙafarsa biyar da nawa takwas, ya ce in aka haɗa mu za a samu mutum ɗaya da ɗan ƙari. Tun daga ranar yake kirana Malam Dokta, yana cewa in rubuta masa dokoki goma ya liƙa a firji, ko firjin zai bi.

Shi ne mutum na farko da na gaya wa abin da na faɗa miki. Ko Bilkisu ba ta sani ba. Na gaya masa yadda muka yi da Ummi a asibiti, na gaya masa har da amsarki, na ce wannan "ka yi gaskiya" ita ce ke hana ni sakewa, domin ban san abin da ke ƙarƙashinta ba, ko fushi ne kika haɗiye kika tafi da shi. Ya tambaye ni: "Da yarinyarka ta faɗa maka, ka ji haushinta?" Na duba zuciyata da gaske, na ce a'a. Tausayinta na ji. Na ga yarinya ce ta tsorata, ta rasa inda za ta sa tsoron sai ta mayar da shi faɗa. Ya ce: "To, kana tsammanin ka fi tsohuwarka zuciyar iyaye?" Sannan ya ƙara: "Amma kar ka bar yarinyar nan da 'kin yi gaskiya'. Kaya ne mai nauyi. Kai ka fi kowa sani."

Ranar Asabar da hantsi Ummi ta zo duba mini tafin ƙafa da madubi, aikin da ta ɗora wa kanta tun da aka sallame ni, tana yi ba ta kallon fuskata. Na ce ta ajiye madubin ta zauna. Na ba ta labarinki tun daga takalman har zuwa wayar, ban rage wa kaina komai ba. Sannan na faɗa mata abin da nake marmarin ji shekara goma sha ɗaya. Na ce na yafe mata duniya da lahira, tun kafin ta rufe baki a ranar, kuma ko ta wayi gari ba ni, kada ta taɓa zama tana auna abin da ke ƙarƙashin maganata, babu komai a ciki sai ƙauna. Ta kifa kai a gwiwata ta yi kuka irin na ƙuruciya. Da ta ɗago, da 'yar Hausarta mai ɗingishi ta ce: "Amma Baba, still, ba cirewa."

Watan jiya aka yi wa Alhaji Sule jika, ya gayyace mu suna. Ummi ce ta tuƙa mu zuwa Handsworth. Ƙofar nan dai, siririn soron nan dai, tarin takalman nan dai. Ki gafarce ni, Inna, da duk abin da ya faru sai da na ji hannuna ya fara sauka. Ummi ta riƙe shi. Ta buɗe jaka ta fito da wasu shuɗɗan ledoji da ake sawa a kan takalmi a asibiti don kada a shigo da datti, ta durƙusa a gaban mutane ta saka mini. Hirar soron ta tsaya. Na ji kunya ta taso mini tun daga yatsun da babu.

Sai ga Alhaji. Ya san komai, ya zo dubiya tun ina asibiti, ya koma ya sa an naɗe bututun gidansa duka. Ya kalli ƙafata, ya kalli Ummi. Ya sunkuya ya tono takalmansa daga cikin tarin, ya saka, a gidansa, a kan kafet ɗinsa. Ya ce: "'Yata, ba ni biyu ni ma. Ba a barin baƙo ya yi ado shi kaɗai." Muka shiga falo tare, ledoji suna ƙara a ƙafafunmu. Wani daga cikin dattawan ya ce ga likitocin tiyata sun iso, wa za a yi wa aiki? Alhaji ya ce an makara, an riga an yanka ragon. Aka yi dariya, aka matsa mini wuri a tsakiyar ɗaki, nesa da bango, aka ci gaba da hira. Shi ke nan. Abin bai ɗauki minti biyu ba.

Minti biyun nan su ne suka fi yi mini ciwo, Inna, fiye da wuƙar likita. Na aiko miki takalmi da dokoki goma, amma ban aiko miki da wanda zai tsaya tare da ke a bakin ƙofa ba. Ina da lambar liman. Waya ɗaya ta isa in ce masa: Malam, Inna ba ta jin ƙafarta, in ta zo gidanka ka ce ta shigo da takalminta. Da ya faɗa, da matan unguwa sun ji, da kowace ƙofa ta buɗe miki yadda ta Alhaji ta buɗe mini. Ke ba za ki iya nema wa kanki wannan izini ba, tarbiyyarki ba za ta bari ba, kuma da wannan tarbiyyar kika raine ni har ake yabona. Aikina ne, ni mai digiri a kan tambayar, kuma ban yi ba. Na bar ki ke kaɗai tsakanin likita da ƙofa, da kika faɗi na zo na tsaya a kanki da lacca.

Na tambayi Rabi ko takalman suna nan. Ta ce suna cikin akwatinki. Ƙasansu ko gogewa bai yi ba. Amma bayan dunduniyar, inda yatsu biyu ke kamawa a ɗauka, ya yi duhu ya yi sulɓi saboda riƙo.

Waccan waƙa na janye ta. Duk wanda ke karanta wannan wasiƙa kuma yana da ita a wayarsa, ina roƙonsa ya goge. Ga abin da na sa a gurbinta, ke kaɗai na yi wa:

Na tsaya, Inna, a ƙofar da kika tsaya,
Na tuɓe abin da kika tuɓe don kunya,
Na ɗanɗana abin da na kasa ji a baya,
Ga ni durƙushe, ban zo da hujja ko ɗaya.

Ban san ko kin yafe mini ba, kuma ba zan sani ba a wannan gida na duniya. Abin da na riƙe shi ne tambayar Baba Ishaya, da kuma abin da na tuna daga baya: bayan kin ce na yi gaskiya ba ki miƙa wa Rabi wayar ba. Takwararki kika tambaya. Ni ma karatun Ummi na tambaya, kuma na san abin da ke zuciyata lokacin da nake tambayar. Da wannan nake lallashin kaina, ranar da ya yiwu.

Ya Allah, ka gafarta wa Asma'u baiwarka, ka yi mata rahama kamar yadda ta raine ni ina ƙarami. Ka sanya kowane taku da ta yi zuwa gidan maƙwabci, da takalmi ko babu, a cikin ma'aunin ladanta. Ka mayar mata da ƙafarta lafiyayya, ta taka ƙasar Aljanna mai sanyi, ta shiga ta ƙofar da ta so. Ka isar mata da neman gafarata. Ka tsare mini abin da ya rage na ƙafa da ido, ka saka wa Bilkisu da Ummi da Alhaji Sule da alheri, ka ba Baba Ishaya lafiya. Duk majinyacin da ke tsaye a bakin wata ƙofa yana shawara da kansa, ka aiko masa da wanda zai ce ya shigo haka nan. Amin.

Ki huta lafiya, Inna. Yau Talata, zan tafi wankin ciwo, kuma takalman suna ƙafata.

Ɗanki na fari, wanda ba kya kiran sunansa,
mutumin Ingila,
daga Withington, Manchester.